Yadda na yi binciken otofaji a Maraɗi, daga zaɓen jigo zuwa ranar sutnans

Tun da na kare memwar ɗina na Masta, wato kundin binciken kammala karatu, ƙannena na sashen nazarin halittu suke tare ni a hanya, tambayarsu ɗaya ce: wai da gaske ana iya ganin otofaji, wato yadda ƙwayar halitta ke cin wani sashe na jikinta, da ido a labo irin namu? Ana iyawa, na gani, kuma na nuna wa juri, wato malaman da suka tantance aikin, ranar sutnans, ranar da na kare shi a gabansu. Sai dai aikin da ya kamata ya ci wata huɗu ya ci mini wata tara, kuma yawancin ɓatan lokacin rashin sanin abin da ake fara yi ne ya jawo shi. Shi ya sa na ga gara in rubuta yadda abin ya gudana bi da bi, don wanda zai biyo baya ya rage wahala.

Abin ya shiga raina ne a shekarar farko ta Masta, ranar da aka koya mana yadda ƙwayar halitta ke jigilar kayanta. Cikin kowace ƙwaya akwai ɗakuna, kuma furotin da aka ƙera a wani ɗaki ba ya tafiya haka sakaka, ana ƙunshe shi ne cikin 'yar zabira ta fata, zabirar ta ɓalle ta tafi, ta manne da fatar ɗakin da aka aike ta, ta juye kayan. Da haka insulin ke fita zuwa jini, da haka jijiya ke miƙa saƙo ga 'yar'uwarta. A kan wannan ne James Rothman da Randy Schekman da Thomas Südhof suka samu kyautar Nobel a 2013. Abin da ya tsaya mini shi ne dabarar Schekman a Berkeley ta Amurka. Da yis ya yi aiki, wannan dai yis ɗin da Inna ke kwaɓa fanke da shi kullum a gidanmu na Bagalam. Ya nemo yis masu naƙasa waɗanda ke rayuwa lafiya a digiri 25, amma da an kai su 37 sai jigilar ta tsaya, zabiru su taru cikin ƙwayar kamar manyan motoci ranar da aka rufe iyakarmu da Najeriya a Ɗan Isa. Daga inda kayan suka cunkushe ake gane matakin da ya lalace, kuma zuwa 1980 shi da ɗalibansa sun gano ƙwayoyin gado 23 ta wannan hanya. Yoshinori Ohsumi na Japan ma irin tunanin ya yi a kan otofaji, wato yadda ƙwaya ke cin wani sashe na jikinta idan yunwa ta kama ta. Christian de Duve ne ya raɗa kalmar tun 1963, amma ba a san injin da ke tafiyar da abin ba. Ohsumi ya buɗe nasa labo a Tokyo a 1988, ya ce idan har yis na kai kayan jikinsa cikin bakiyol, babban rumbun da ke tsakiyar ƙwayar, don a niƙe su, to a hana niƙan a saka yunwa, dole kayan su taru a gan su. Haka kuwa aka yi, ya gan su da mikroskop na haske, ya wallafa a 1992, ya samu Nobel a 2016.

A watan Nuwamba na kai wa malamin da zai duba aikina shafi shida da na kwana uku ina rubutawa. Na cika su da abin da na karanto a maƙalu na zamani: furotin Atg8 da aka liƙa wa alama mai ƙyalli, yis da aka cire wa wasu ƙwayoyin gado, mikroskop mai hasken fuloresans. Ya karanta a gabana bai ce uffan ba har ya kai ƙarshe, sannan ya ce, "Ɗiyata, karatun ya yi. Amma mi muke da shi cikin abin ga duka? Ki tafi wurin Baba na labo da littafi da biro, ki rubuto mini duk abin da ke aiki, ba abin da ke ajiye ba." Na fito raina a ɓace, ina ganin kamar an raina ƙoƙarina. Yanzu na san maganar nan ita ce mafi amfani da aka yi mini a duk shekarar.

Kwana biyu muka yi da Baba muna buɗe kabad-kabad. Dattijo ne da ya daɗe yana kula da kayan labo, ya san tarihin kowace na'ura. Mun samu santirifij ƙarami mai aiki, wato na'urar da ke juya ruwa da gudu har ƙwayoyin cikinsa su kwanta, ma'auni mai auna miligiram, firijo mai wurin ƙanƙara, etib mai ɗumama, lam ɗin Malassez, wato ɗan gilashin da ake ƙirga ƙwayoyi a kansa, da tukunyar kokot da ake kashe ƙwayoyin cuta da ita maimakon otokilab. Can cikin wani akwati kuma muka tarar da mikroskop mai kwantaras na faz, irin wanda ke fito da cikin ƙwaya mai rai ba tare da an rina ta ba. An daina amfani da shi don hotonsa ya yi duhu. Baba ya duba ya ce zoben da ke ƙarƙashin faifan ne ya goce, ya zauna da 'yar sukudireba ya daidaita shi da na cikin madubin, kuma ya nuna mini abin da ban sani ba: idan madubin 100 an rubuta masa Ph3, dole a juya zoben ƙasa zuwa lamba 3, kuma a ɗiga man imersiyo. Da wannan jerin na koma wurin Malam, muka sake tsara aikin bisa maƙalar 1992 ɗin kanta. A cikinta an nuna cewa ko yis marar naƙasa, in aka zuba masa wani sinadari mai suna PMSF wanda ke toshe furotinaz B, wani anzim mai niƙan kaya a cikin bakiyol, aka kuma hana shi azot, wato sinadarin naitirojin da yake gina furotin da shi, ƙunshe-ƙunshen za su taru. Ke nan ba mu buƙatar yis na musamman daga waje. Yis ɗin Inna ya isa.

Daga nan sai takardu. Ana kai tsarin bincike kwafi uku da sa hannun malami, da wasiƙa zuwa ga shugaban sashe, da shaidar biyan kuɗin rijista na shekarar. Fotokopi da ɗauri sun ci mini wajen jika uku, ga wanda bai saba da lissafinmu ba jika ɗaya sefa 1000 ke nan. Ban san cewa kwamitin da ke amincewa da jigogi ba kullum yake zama ba, na kai takarduna kwana biyu bayan ya zauna, sai na jira mako uku cur. Tun da ba jinin mutum ko dabba zan taɓa ba, ba a nemi in je gaban kwamitin ɗa'a ba, wannan sauƙi ne babba da yis ke da shi. Amma akwai wata takarda ta biyu da ba wanda ya tuna mini da ita: izinin shiga labo da yamma da ranakun hutu. Yis bai san Asabar da Lahadi ba, in lokacinsa ya yi ya yi. Sai daga baya na rubuta ta, ta ƙara cin kwana goma.

Babban kuskurena shi ne na jira aka amince da jigon kafin in fara maganar sinadarai. Abu biyu ne ba a samu a Maraɗi: PMSF, da garin abincin yis da ake kira YNB, irin wanda babu azot a cikinsa. Akwai kamfanonin sayar da kayan labo a Yamai, ana aika musu sunan kaya su turo takardar farashi, a biya rabi, su yi oda daga Turai. A nan akwai tarko. Cikin ire-iren YNB akwai biyu masu kama da juna, wanda aka cire wa amino asid kaɗai, da wanda aka cire wa amino asid da sulfat ɗin amoniyom duka. Na farkon cike yake da azot, in ka sa yis a ciki ba yunwar da zai ji. Ni kuwa rabin sunan na rubuta, takardar farashi ta zo da na farkon. Baba ne ya lura muna gab da tura kuɗi, ya ɗora yatsa a kan layin ya ce, "Ɗiyata, wanga abinci ne, ba yunwa ba." Don haka a rubuta cikakken suna, a kuma haɗa da lambar CAS, wato lambar shaidar kowane sinadari, ta PMSF ita ce 329-98-6, don kada a yi musaya. Duka biyun da kuɗin jigila sun tasam ma jika ɗari da hamsin. Malam ya ɗauki rabi, Kawuna mai fataucin aya ya cika sauran, Allah ya saka musu. An ce mako shida kayan za su iso, sai da aka yi goma sha ɗaya. Da suka iso na hau bas da kaina na tafi Yamai, tafiyar fiye da kilomita 600 ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, don ban yarda a jefa garin da ke da guba cikin kayan mutane ba tare da mai lura ba. Na kwana wurin gwaggona, na dawo da kwalabe biyu da ba su kai girman kofin shayi ba, a naɗe cikin zane a kan cinyata.

Makonnin jiran ba su tafi a banza ba, ko da yake a lokacin na yi ta kuka a ɓoye ina ganin abokan karatuna sun yi nisa. Na ɗebo cokali ɗaya daga busasshen yis na Inna, na jiƙa, na shafa a faranti mai agar, wato daskararren abincin da yis ke tsirowa a kai, don in ware zuriya guda mai tsabta. Abincin ƙoshi ana ce masa YPD: cikin lita ɗaya giram 10 na tsamen yis, giram 20 na pepton, giram 20 na gulukoz, a dafa a kokot minti 15 a digiri 121. Lokacin hunturu ne, ƙura ta ko'ina, farantaina biyar na farko duk suka yi furfura kore da baƙa. Sai na koyi rufe tagogi, goge tebur da alkol, barin ƙura ta kwanta rabin awa, da yin komai dab da harshen wuta. Na kuma ƙirga girman yis ɗin awa-awa da lam ɗin Malassez har na san halinsa: in yana cikin jin daɗi yakan ninka kansa cikin kamar awa ɗaya da rabi.

Jinkirin ya tura ni cikin bazara, kuma nan na gamu da matsalar da ba ta cikin kowace maƙala. Yis digiri 30 yake so. Waɗanda suka rubuta hanyoyin aikin a ƙasashe masu sanyi suke, na'urarsu ɗumamawa take yi. A Maraɗi cikin Afrilu ɗakin kansa yakan haura 38 da rana, etib ɗinmu kuma ba ya sanyayawa. Zafi shi kansa wahala ce ga ƙwaya, in ya haɗu da yunwa ba za ka san wanne ya jawo abin da ka gani ba. Inna ce ta warware mana. Ina ba ta labari da daddare ta ce, "To ke ba ki ga randa ba?" Washegari na sayo randa babba a kasuwa, kabu-kabu ya kai mini labo, muka cika ta da ruwa, muka rufe da jiƙaƙƙen buhu, muka rataya ma'aunin zafi a ciki. Ruwan ya riƙa zama kusa da 30, in ya sauka mu ƙara na famfo, in ya hau mu jefa ƙanƙara kaɗan. A ciki nake tsoma kwalaben, ina girgiza su da hannu duk minti goma don iska ta shiga, tun da ba mu da na'urar girgizawa. Na rubuta wannan duka a babin hanyoyin aiki, da jadawalin zafin kowace awa, ban ɓoye komai ba.

Gwajin farko ya yaudare ni. Na duba sai na ga wani ɗigo mai sheƙi yana rawa cikin bakiyol, na fita da gudu na kira Malam. Ya leƙa, ya ce in ɗora masa yis ɗin da bai ji yunwa ba. Shi ma ga ɗigon nan yana rawa. Ashe yis, musamman wanda ya tsufa a kwalba, yakan tara dunƙulen polifosfat a bakiyol, guda ko biyu, masu ƙyalli, su ma rawa suke. Na bar nawa ya kwana biyu har ya daina girma, shi ne laifin. Dole a kama shi yana tsakiyar ninkawa, wajen ƙwaya miliyan 10 a mililita, a juya shi a santirifij, a wanke sau biyu da ruwa mai tsabta don kada ragowar abinci ta bi shi, sannan a zuba shi cikin ruwan yunwa, giram 1.7 na YNB da giram 20 na gulukoz a lita. Gwaji na biyu kuma ban ga komai ba sam, domin na narka PMSF a ruwa tun da safe na ajiye. Wannan sinadarin ba ya jimre ruwa, a pH 7, wato ruwa marar tsami marar kanwa, rabinsa na lalacewa cikin ƙasa da awa biyu. A alkol tsantsa ake narka shi, miligiram 17.4 a mililita, a ajiye a wurin ƙanƙara, a ɗiga kashi ɗaya cikin ɗari daidai lokacin da yunwar za ta fara. Kuma guba ne na gaske, safar hannu da takunkumi wajibi ne, kada a auna shi fanka na kaɗawa.

Ranar da abin ya fito muna cikin azumi. Na shirya kwalabe huɗu: mai ƙoshi, mai ƙoshi da PMSF, mai yunwa da alkol kaɗai, da mai yunwa da PMSF. Na fara ƙarfe takwas na safe. A awa ta farko na ga ɗaiɗaiku a kwalba ta huɗu, ban yarda da idona ba saboda abin da ya faru a baya. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na sake ɗiga ɗigo a lam, na daidaita, sai numfashina ya tsaya. Ƙwayar yis ba ta wuce mikron biyar zuwa shida ba, mikron kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita, amma ga bakiyol nan a fili, cike da ƙananan ƙwallaye masu duhu suna ta kai-komo ba hutawa, kamar gero a faifai ana bakace. Sauran kwalabe ukun kuwa bakiyol ɗinsu fayau. Kowane ƙwallo da nake kallo, faɗinsa nanomita 400 zuwa 900, wato bai kai mikron ɗaya ba, wani yanki ne na cikin ƙwayar da aka kewaye da fata ninki biyu aka rufe, aka ɗauko shi zuwa bakiyol. Fatar waje ta haɗe da ta bakiyol ta hanyar furotin ɗin SNARE, dangin waɗanda Rothman ya bayyana a 1993, ta cikin kuma ta faɗa ciki da kayanta. Da ba mu toshe anzim ba, da tuni an niƙe ta an mayar wa ƙwayar amino asid ta ci gaba da rayuwa. A nan na ga da idona cewa jigilar zabiru da otofaji hanya ɗaya ce mai rassa. Na kira Baba, ya daɗe yana leƙe, ya ɗago ya ce, "Tabarakallah. Shekara nawa abin ga yana cikin akwati." Malam ya zo ya duba kwalabe huɗun ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce, "To, yanzu ki maimaita sau uku."

Maimaitawar ta ci mako biyar, don ɗaukewar wuta ta lalata mini gwaji biyu ana tsaka da ƙirga, har na sayi 'yar fitilar LED mai caji da muke sawa ƙarƙashin mikroskop in ta ɓaci, ko da yake hotonta bai kai na asali ba. Ƙwaya 200 nake ƙirgawa a kowace kwalba kowace awa, har awa huɗu. Baba ke rubuta lamba a lam ɗin ya ɓoye mini ko na wace kwalba ne, don kada son zuciya ya sa in ga abin da nake fata. Hoto da salula ta bakin madubi bai nuna komai sosai ba, ƙwallayen motsi suke, sai su fito dishi-dishi. Bidiyo na daƙiƙa goma shi ne ya yi aiki, bayan mun ɗaure salular da roba a jikin wani katako.

Rubutu ya ci wata guda da rabi. Ana ajiye kwafi ga kowane ɗan juri da izinin malami a rubuce, a jira a sa rana, ni na jira mako huɗu. Bugu mai launi da ɗauri sun kai jika ashirin da biyar. Ranar sutnans, da na saki bidiyon a bango, ɗakin ya yi tsit. Tambayar da ta fi tsawo ita ce wadda kowa ke yi mini har a unguwa: tun da ana ta yaɗawa a Facebook da WhatsApp cewa wani Bajapane ya ci Nobel don ya tabbatar azumi na warkar da cuta, me aikina ya ce? Na amsa cewa Ohsumi a kan yis ya yi aikin da ya ba shi kyautar, shi da ɗalibarsa Miki Tsukada suka ware yis masu naƙasa iri 15 a 1993 waɗanda ba sa iya otofaji kuma suke saurin mutuwa in babu azot. Gaskiya ne mutum ma yana da irin waɗannan ƙwayoyin gado, kuma yunwa na tayar da otofaji a dabbobi masu shayarwa. Amma kwalbata ba ta ce komai ba a kan awa nawa mutum zai yi bai ci ba, kuma mai ciwon suga kada ya bar maganarsa da likita saboda saƙon waya. Azuminmu ibada ce, ba ya jiran shaidar mikroskop. Ban so in ƙara wa aikina nauyin da ba zai iya ɗauka ba, kuma shugaban juri ya gyaɗa kai. Wani kuma ya tambayi abin da za a yi gaba, na ambaci kulorokin, niba ɗin da iyayenmu suka sha don zazzaɓin cizon sauro, wanda masu bincike ke amfani da shi wajen toshe matakin ƙarshe na otofaji a ƙwayoyin dabbobi, da rapamisin mai tayar da ita ko da ƙwaya na cikin ƙoshi, ta hanyar danne furotin TOR, wanda ke hana otofaji lokacin ƙoshi.

Ga mai son bin wannan hanya, da zan sake daga farko, labo zan fara shiga kafin in rubuta layi ɗaya, in san abin da ke aiki, sannan in gina tambayata a kansa. Zan nemi takardar farashi a makon da na zaɓi jigo, ba bayan kwamiti ya zauna ba, in tambayi sakatariya ranakun zaman tun da wuri, in haɗa takardar izinin shiga labo da sauran a rana ɗaya. Zan yi iya ƙoƙarina gwaje-gwajen su faɗo tsakanin Disamba da Fabrairu, domin yaƙi da ƙura ya fi yaƙi da zafi sauƙi. Kuma a karanta tsofaffin maƙalu, na 1992 ɗin nan kyauta ake samunta a intanet, kayan aikinsu sun fi kusa da namu fiye da na yau. Wanda ya raina mai kula da labo kuwa ya cuci kansa, sau uku Baba yana ceto aikina.

Giram ɗaya na PMSF na saya, ban ci ko kashi ɗaya cikin goma ba. Ragowar na wurin Baba da garin YNB, da littafin da na rubuta ma'aunai da jadawalin zafin randa. Zuriyar yis ɗin ma tana firijo a faranti, ana sabunta ta duk wata. Wata ƙanwata 'yar Tibiri ta riga ta karɓi makullin kabad ɗin, tana son ta gwada yis ɗin da ke tashi da kansa a ƙullun masa ta ga ko shi ma haka yake yi.